Yadda Ake Tashin Farko da Ƙaramin Jirgi Mai Kyamara Ba Tare da An Yi Ɓarna Ba

Ranar da ƙaramin jirgin nan marar matuƙi ya iso hannunka, wanda ake kira duron, abin da zuciyarka za ta fara raya maka shi ne ka yage kwali, ka fita waje ka cilla shi sama. Kada ka biye mata. Jiragen da ake ƙerawa yanzu sun yi sauƙin tuƙi har sauƙin ya yi yawa: ka danna maɓalli ɗaya ya tashi, ka saki sandunan rimot ya tsaya cak a iska kamar an rataye shi da zare. Cikin minti biyar sabon shiga zai ɗauka ya iya, alhali kwamfutar ciki da taurarin GPS ne ke riƙe masa jirgin. Sai ranar da ɗaya daga cikinsu ya janye hannu, a nan ne ake gane wanda ya koya da wanda aka ɗauke wa nauyi. Don haka ranar farko ka mance da ɗaukar hoton ban mamaki. Aikinka a ranar shi ne ka tashi, ka tsaya, ka dawo, ka sauka, kuma kada kowa ya ji tsoro ko haushi saboda kai.

Fara da doka tun jirgin yana cikin kwali

Duk ƙanƙantarsa, a idon hukuma jirgin sama ne, kuma sararin da zai shiga akwai masu amfani da shi. Nemi shafin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar da kake, ka karanta abin da ta ce game da masu tashi don nishaɗi. Dokokin sun sha bamban ƙwarai. A Amurka duk jirgin da ya kai giram 250 sai an yi masa rajista, kuma mai tashi don nishaɗi sai ya ci wata gajeriyar jarrabawa ta intanet mai suna TRUST. Wannan iyaka ta giram 250 ce ta sa kamfanin DJI ya fito da Mavic Mini a 2019 da nauyin giram 249 daidai. Amma kada ka dogara da nauyi kaɗai, domin a Tarayyar Turai ko jirginka bai kai giram 250 ba, muddin yana da kyamara kuma ba abin wasan yara ba ne, sai ka yi rajistar kanka. Wasu ƙasashen sai da izinin hukumomin tsaro, wasu kuma kamar Maroko tun a filin jirgi jami'an kwastan ke karɓe shi idan ba ka da takardar izini.

Akwai ƙa'idoji uku da kusan ko'ina za ka tarar. Kada ka wuce tsayin mita 120, wato kimanin ƙafa 400, saboda jirage masu ɗauke da mutane yawanci sama da nan suke bi. Kada jirgin ya ɓace wa idonka, idonka na zahiri, ba hoton da kake gani a waya ba. Kada ka kusanci filin jirgin sama, barikin soja, gidan yari ko gine-ginen gwamnati masu tsaro. Wanda ke ganin maganar filin jirgi wasa ce ya tuna da Gatwick ta Ingila a watan Disamban 2018: rahoton ganin duron kusa da titin sauka ya sa aka rufe filin, kimanin jirage 1,000 suka rasa tashi ko sauka a kan lokaci, abin ya shafi fasinjoji wajen 140,000. Bayan nan, a 2019, Birtaniya ta faɗaɗa haramtaccen yankin da ke kewaye da filayen jiragenta zuwa kilomita 5.

Aikin cikin ɗaki

Daren da za ka fita washegari, shimfiɗa komai a kan tebur. Yi cajin batir ɗin jirgi, da na rimot, da na waya, duka su cika. Sauke manhajar kamfanin, ka haɗa jirgin da ita, ka bar ta ta sabunta duk abin da take son sabuntawa. Wannan yana iya cin rabin awa, kuma gara ya ci ta a ɗaki da ya ci ta a fili batir na zuba. Saka katin memori mai sauri, wanda aka rubuta U3 ko V30 a jikinsa, in ba haka ba bidiyo mai nauyi zai riƙa yankewa.

Sai farfeloli. Guda huɗu ne amma ba iri ɗaya ba ne: biyu suna juyawa dama, biyu hagu, shi ya sa jirgin ba ya wulwulawa a kansa. Za ka ga alama a jikin wasu, ɗigo ko zobe ko layi, kuma akwai irin alamar a kan injin da ya dace da su. Mai alama ya hau mai alama. Wanda ya musanya su zai ga jirginsa ya kife a ƙasa maimakon ya tashi. Bi bakin kowace farfela da yatsa, idan ka ji tsaga ko gutsure komai ƙanƙantarsa, canza ta.

Akwai wata 'yar roba da ke rufe da kyamara tana riƙe da mariƙinta, wato gimbal, ɗan hannun nan mai inji da ke hana hoto girgiza. A cire ta kafin a kunna jirgi, kullum. Da zarar ya kunnu mariƙin yakan motsa ya gwada kansa, in ya tarar an ɗaure shi sai ƙananan injinansa su yi ta fama. Ni kam na mance da ita a karo na biyu, sai da na ji wani ɗan kuka na fita daga gaban jirgin na farga.

In manhajar tana da wurin gwajin tashi a kan allo, yi wasa da shi na minti ashirin. Ba ya cin farfela.

Fili da iska

Nemi fili buɗaɗɗe, kamar girman filin ƙwallo, wanda ba kowa a cikinsa, ba bishiya a tsakiya, ba wayar lantarki a gefe, ba turken sadarwa kusa. Idan filin na wani ne ka nemi izini. Safiya ta fi, lokacin iska ba ta farka ba kuma rana ba ta kashe hasken waya ba. Tafi da mutum ɗaya wanda aikinsa kawai ya sa ido a kan jirgin da kuma mutanen da za su iya shigowa filin, musamman yara, domin ƙarar farfela tana kiransu daga nesa.

Maganar iska ita ce inda zan ɗan daɗe, saboda ita ta fi cinye jiragen sababbin shiga. Wasu ƙananan samfurin Mini na DJI an rubuta suna jure iska mai gudun mita 10.7 a daƙiƙa, wato kimanin kilomita 38 a awa. Wannan ita ce iyakar ƙarshe, ba wurin zama ba. Kuma iskar da ke kaɗa maka riga a ƙasa ba ita ce a sama ba. Gidaje da bishiyoyi suna tare ta a ƙasa, a mita 60 kuwa babu mai tare ta, tana iya ninka ta ƙasa. Dubi kan dogayen bishiyoyi. Idan ganye kawai ke motsi, bismillah. Idan manyan rassa ke rangaji, naɗe kayanka, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ga dabarar da ya kamata ta zame maka jiki tun yau: in za ka yi nisa, ka fara tafiya kana fuskantar iska, ka dawo tana tura ka. Wanda ya yi akasin haka zai ji daɗin tafiya, jirgin na gudu kamar kibiya, sai ya juyo ya tarar yana rarrafe batir kuma na sauka kamar an huda shi. Na taɓa tsayawa ina kallon lambar nisa a waya ta ƙi raguwa, mita 180, 179, 180, sanda a tokare gaba. Abin da ya cece ni shi ne na sauko da shi ƙasa-ƙasa inda iska ba ta da ƙarfi, ya lallaɓo ya iso da kashi 9 cikin ɗari.

Kunnawa, da jiran da ba a tsallakewa

Ajiye jirgin a wuri mai daidaito, bayansa na kallonka, hancinsa na kallon gaba. In ƙasar yashi ce ko ƙura, shimfiɗa faifan sauka ko wani kwali mai faɗi, domin farfela na tayar da ƙura ta cusa ta cikin injina da mariƙin kyamara. Kada ka ɗora shi a kan mota ko murfin kwalbati ko siminti mai rodi a ciki. Yana da kamfas da ke karanta maganaɗisun ƙasa, ƙarfe kuwa na rikita shi. Idan manhaja ta ce a daidaita kamfas, matsa nesa da ƙarfe, cire makullai daga hannu, ka juya jirgin yadda hoton allo ya nuna. Idan ba ta nema ba, bar shi.

Kunna rimot tukuna, sannan jirgi. A yawancin na DJI ana danna maɓallin sau ɗaya, a sake dannawa a riƙe. Wajen kashewa kuma jirgi ne farko, rimot daga baya.

Yanzu ka tsaya. A saman allo akwai alamar tauraron ɗan'adam da lamba a gefenta. Jira lambar ta hau, ni ina bari ta haura 12, har manhaja ta sanar cewa ta rubuta wurin tashi a matsayin gida. Buɗe taswira ka tabbata alamar gidan tana daidai inda kake tsaye. Wannan jiran na minti ɗaya ko biyu shi ne duk abin da jirgin zai dogara da shi in sadarwa ta yanke tsakaninku. Wanda ya tashi kafin a rubuta gida, jirginsa bai san inda zai koma ba.

Kafin ka taɓa sanda, shiga saituna ka gyara abu uku. Tsayin ƙarshe, sa shi mita 30 don yau. Nisan ƙarshe, mita 50. Sai tsayin komawa gida, wanda ya fi su muhimmanci: idan sigina ta yanke ko ka danna maɓallin da aka rubuta RTH, jirgin zai hau zuwa wannan tsayin, ya miƙo kai tsaye zuwa gida, ya sauka. Dole lambar ta wuce duk wani abu mafi tsawo da ke yankin, da rara a kai. Saboda wannan hawan ne ma ba a tashi daga ƙarƙashin bishiya ko rumfa.

Tashi

Ja da baya kamar taku biyar. Gaya wa na kusa da kai za ka tashi. Danna maɓallin tashi a allo, jirgin zai ɗaga ya tsaya a kimanin mita 1.2. Cire hannunka daga sanduna ka kalle shi na daƙiƙa talatin. Ya tsaya wuri guda? Ƙararsa ɗaya ce ba ta rawa? Babu jan rubutu a allo? In ka ga yana zamewa gefe ko yana zagaye kamar ruwa a mazurari, sauke shi nan take, kamfas ne ko GPS.

A tsarin da yawancin rimot ke zuwa da shi, sandar hagu ita ce ta hawa da sauka idan ka tura ta sama ko ƙasa, idan ka karkata ta gefe kuma jirgin ya juya hancinsa yana nan inda yake. Sandar dama ita ce ta tafiya: gaba, baya, hagu, dama. Taɓa su kamar mai zare ƙaya, kaɗan-kaɗan. Kuma ka riƙe wannan da kyau: duk lokacin da ka rikice, saki sanduna biyun. Jirgin zai ja birki ya tsaya ya jira ka. Yawancin haɗarin farko yana faruwa ne saboda mutum ya firgita ya ƙara tura sanda.

Hau zuwa mita 5, sauko zuwa 2. Tafi gaba mita 10, dawo da baya ba tare da ka juya shi ba. Hagu, dama. Sannan ka zana murabba'i a iska, kana tsayawa cak a kowace kusurwa. Maimaita har ya gundure ka. Batir na farko gaba ɗaya a nan ya kamata ya ƙare. Idan rimot ɗin yana da maɓallin zaɓen gudu, bar shi a kan mafi jinkiri. Mafi saurin, wanda aka sa wa harafin S, yana kashe idanun jirgin masu hango cikas kuma yana tsawaita birki, ba na yau ba ne.

A batir na biyu sai darasin da ke ɗaure kai. Juya jirgin ya fuskance ka. Yanzu tura sandar dama zuwa dama: zai tafi hagunka. Ja ta baya: zai yi nesa da kai. Shi bai canza ba, damarsa ce ta koma hagunka, kamar mutumin da kuke fuskantar juna. Ƙwaƙwalwa ba ta karɓar wannan da bayani, sai da maimaici. Yi shi a tsayin mita 5 a tsakiyar fili inda kuskure ba ya cin komai, domin ranar da za ka buƙace shi da gaske wataƙila akwai bango a gefe.

Gwada maɓallin komawa gida tun yau, da gangan. Kai jirgin ƙarshen nisan da ka saita, danna ka riƙe, ka kalli yadda yake hawa, ya juyo, ya dawo. Koyi yadda ake katse shi kuma, yawanci da sake danna maɓallin. Bai kamata ranar tashin hankali ta zama ranar da za ka fara ganin yadda yake aiki ba.

Game da idanun hango cikas, kada ka ba su amanar da ta wuce ƙarfinsu. Ba sa ganin wayar lantarki, ba sa ganin siririn reshe marar ganye, gilashi na ruɗa su, da magariba kuma sun makance. Na ƙasan jirgin suna rikicewa a kan ruwa saboda yana motsi yana ƙyalli, shi ya sa tashi ƙasa-ƙasa a kan tafki ke ƙarewa da nutso. Wasu ƙananan jiragen ma ba su da ido a gefe ko a baya sam.

Sauka

Tsawon lokacin tashi da aka rubuta a kwali, minti 30 ko 34, an auna shi ne a wuri marar iska. Kai ka lissafa minti 20 da ɗoriya. Da batir ya kai kashi 30 cikin ɗari, juyo gida, ka kasance a ƙasa kafin ya kai 20. Kawo jirgin saman wurin da ya tashi, bayansa na kallonka, ka ja sandar hagu ƙasa a hankali. Zai ɗan tsaya dab da ƙasa yana duba wurin, ci gaba da riƙe sandar har ya zauna farfeloli su tsaya. Kada ka kai hannu kafin su tsaya, kuma ka bar kama jirgi a iska da hannu da kake gani a bidiyo. Farfelar roba ce, amma tana tsaga yatsa har sai an yi ɗinki.

In hoto ya fara yankewa a sama, duba yadda ka riƙe rimot. Eriya ba ta harba sigina ta bakinta, ta faffaɗan gefenta take harbawa, don haka gefen ne zai kalli jirgin. Gini ko tudu a tsakaninku ma yana yanke ta. In shaho ko shirwa ta fara zagaye jirgin, hau sama da sauri ka bar wurin, wataƙila sheƙarta na kusa. In kuwa ka ji ƙarar jirgi mai saukar ungulu ko wani ƙaramin jirgin sama, sauko ƙasa nan take ba tare da jiran ka gan shi ba. Hanya tasa ce.

Kyamarar da mutanen da ke ƙasa

Wannan ɓangaren babu maɓallin da zai yi maka shi. Wanda ya gina katanga ya gina ta ne don idon mai wucewa, kai kuma ka zo da ido mai tashi sama. Kada ka tsaya a saman gidan kowa, ko da kyamarar ba ta ɗauka, domin na ƙasa bai san ba ta ɗauka ba. Kada ka bi mutum ko mota. Kada ka tashi a kan taron jama'a: giram 249 da ya faɗo daga mita 40 da farfela na juyawa ba abin wasa ba ne a kan yaro. Wurin gobara ko haɗari kuwa ka nisance shi, a Amurka an sha dakatar da jiragen kashe gobarar daji saboda wani ya tura duron ɗinsa kallo. Dabbobi ma suna firgita da ƙararsa, tun 2014 aka hana tashinsa a gandun dajin ƙasa na Amurka.

Wani zai zo ya tambaye ka me kake ɗauka, wani da fara'a, wani da ɗaure fuska. Ce masa ya ɗan dakata ka sauke jirgin, domin ba a tuƙi ana musu. Bayan ya sauka ka nuna masa allon. Sau da yawa da mutum ya ga cewa daga can sama kansa bai fi ɗigo ba, sai fushin ya koma tambayar yadda abin ke aiki. In ya ce bai yarda a ɗauki wurinsa ba, goge a gabansa ka matsa. Kafin ka ɗora bidiyo a intanet kuma, sake kallonsa ka ga ko akwai fuskar wani, lambar mota ko tsakar gidan da ba naka ba.

In batir na uku ya rage, to yanzu ka ɗauki bidiyonka na farko. Motsi ɗaya tak a kowane ɗauka, a hankali, na daƙiƙa goma: hawa sama kyamara na kallon ƙasa, ko ja da baya kana ɗagawa. Juya hanci da sauri shi ke sa bidiyon sabon shiga ya sa mai kallo jiri.

Bayan an dawo

Batir zai fito da zafi, bar shi ya huce kafin ka sa shi a caji, kuma kada ka yi cajinsa a kan katifa ko ka tafi ka bar shi. Batiran lithiyam ba sa son zama a cike fal, ba sa son zama a ƙarƙaf. In za ka yi kwanaki ba ka tashi ba, ajiye su da kashi 40 zuwa 60, a wuri mai sanyi, ban da cikin motar da ke rana. Wanda ya kumbura ya gama aiki, kada ka huda shi, kada ka jefa shi cikin shara. In za ka yi tafiya da jirgin sama, batiran suna tafiya a jakar hannu, ba a cikin akwatin da ake aunawa ba.

Mayar da robar kyamara, busa ƙurar da ke cikin injina, juya kowanne da yatsa ka ji ko akwai mai ƙarar yashi, sannan ka sake bin bakin farfeloli huɗun. Buɗe tarihin tashi a manhaja ka dubi layin da jirgin ya bi a taswira. Murabba'in da ka ɗauka ka zana daidai, za ka gan shi a karkace kamar zanen ɗan aji ɗaya. Shi za ka fara gyarawa a fita ta biyu, a fili ɗaya, da tsayin mita 30 ɗin nan.